Mai Hoton da Ya Ƙi Ɗaukar Ɗinkina

Ƙarfe bakwai na safe yake isowa mahaɗar titin da ke gaban shagona, kyamara rataye a wuya, ya jingina da sandar fitila yana kallon masu wucewa. Baba Mai Hoto muke ce masa. In shigar mutum ta burge shi sai ya tare shi da sallama, ya nemi izini, ya ɗauka, washegari ya miƙa masa hotonsa. Shekara talatin ke nan. Yanzu ido ya fara gajiya, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ni tela ne, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai taɓa ɗaukar ɗinkina ba. Ya ɗauki bakanike da hularsa a karkace. Ya ɗauki mai shara saboda ɗaurin ɗankwalinta, har yau baiwar Allahn nan tana tafiya kamar wadda aka ƙara wa girma. Amma in na yi ɗinki na gani na faɗa, na roƙi mai kayan ya bi ta gabansa a hankali, sai Baba ya kau da kai.

Rannan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Baba, wai me na yi maka?"

"Ɗinkinka ba laifi, ɗana," in ji shi. "Sabo ne kawai, bai san mai shi ba. Bari a wanke shi sau goma tukuna."

Na koma kan kekena ban gane komai ba.

Makon jiya ya shigo shagon da hoto. Wani direban bas ne cikin rigar da na ɗinka masa shekara tara da suka wuce. Ta koɗe, kuma matarsa ta farke aljihun ƙirji ta mayar da shi ɓangaren dama da wani zare daban, saboda mutumin bahago ne.

"Ga ɗinkinka," ya ce.

Na yi murna har da ƙwalla. Daga baya na rasa gane ko aikina ya ɗauka ko na matar direba.

Kai ne mai ido, Baba, kai ne ka sa talakan layin nan ya san yana da kyau. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku matasa masu ɗaukar hoto da waya, ku koyi tsayawa ku kalli mutum kafin ku danna. Ni har yau ban gama fahimtarka ba, amma tun daga ranar duk wanda ya kawo ɗinki sai na tambaye shi da wane hannu yake laluba aljihu.