Na'urar Goshi a Bakin Ƙofa

Har yau ban manta da wata Talata a shekarar korona ba. Lokacin ina aikin shara a wani ƙaramin asibiti a Talata Mafara. Da cutar ta shigo, Malam Sani, babban ma'aikacinmu, ya ƙara mini aiki: in tsaya bakin ƙofa, duk wanda ya zo ya wanke hannu, in auna zafin jikinsa da na'ura a goshi, in tambayi sunansa da garinsu, sannan ya shiga. Ba a tsallake ko ɗaya.

Gaskiya ni ma tsoron na'urar nake yi. Ɗiyata Nana kullum tana goye a bayana, ban taɓa auna ta ba.

Da hantsi sai ga wata mata daga Maradun, rungume da yaro, idonsa ya kakkafe. Tare da ita akwai ƙanen mijinta, ɗalibin jami'a da aka rufe musu makaranta. Ina ɗaga na'ura ya tare hannuna.

"Baiwar Allah, dakata. Wagga aba tana ƙona ƙwaƙwalwa. Likita ne ya faɗi."

Ya nuna mini bidiyo a waya: wani mutum da farar riga yana ta Turanci. Uwar ta ja baya, masu jiran layi suka fara juyawa. Malam Sani yana ciki yana ɗinkin rauni. Yaron kuwa numfashinsa sama-sama.

Ban yi boko ba, abin da aka koya mini kawai na sani. Na ce, "Malam, shi likitan mi sunanai? Wane gari yake?"

Ya latsa, ya sake latsawa. "Abokan karatunmu suka turo."

"Su kuma wa ya turo musu?"

Ya mai da wayar aljihu.

Na kwance goyo, na auna goshin Nana. Na'urar ta yi ƙara, Nana ta kai hannu za ta kama ta. Uwar ta dube ni, ta miƙo yaronta.

Zazzaɓin sauro ne ya yi masa tsanani. Ya kwana biyu aka sallame shi.

Ga masu kama aikin ƙofa yanzu, abin da nake faɗa musu ke nan: mai ilimi ma yana tsorata, kuma nasa tsoron ya fi yaɗuwa, don ana yarda da shi. Kada ku yi musu da shi. Magana ma baƙuwa ce, in ta zo ƙofa ku tambayi sunanta da garinsu.