Baba Ba-komai da Baƙin Majalisa

A benenmu na gidajen gwamnati, mutumin da ke samana shi ne Baba Ba-komai. Ni na laƙaba masa sunan, kuma ya bi shi. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun yana saurayi. Ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Teloli su kawo keke ya wuni a kai, su dawo su ce bai gyaru ba, ya sake kwancewa yana murmushi. Na sha gaya masa ranar da ɓarawo ya shigo ɗakinsa, sai ya riƙe masa fitila.

Shi ne a hawa na ƙarshe, don haka duk ruwan da rufinmu ya sha, shi yake fara karɓa, ragowar ta gangaro mini. Silin ɗakin kwanansu ya yi ciki kamar akuya. Bangon wajen gado ya yi baƙi ƙirin, ka shafa hannu ka ji danshi. Bokitai da robobi kuwa, har tukunyar miya an sa ta aiki. Inna, matarsa, tari ya kama ta, irin mai fito a ƙirji. Likita ya ce ɗakin ne. 'Yarsu da ke aure a wani gari ta rantse idan ba a gyara rufin kafin damina ba, za ta zo ta ɗauke uwarta. Baba da Inna kuwa tun aurensu ba su taɓa raba kwana ba.

Mun yi ta zarya. Ƙaramar hukuma ta ce rufi na ma'aikatar gidaje ne. Ma'aikatar ta ce ai tuni ta miƙa benen ga ƙaramar hukuma. Wani jami'in ƙaramar hukuma har ya yi mana bayani cewa bango nasu ne, rufi na ma'aikatar. Na tambaye shi to ruwan na waye, bai ji daɗi ba.

Sai labari ya zo cewa kwamitin majalisa mai sa ido kan gidaje zai zagayo ya gani da ido, kuma benen da suka ga ya fi lalacewa shi za su matsa a fara gyarawa. Muka taru a gindin matakala muka yanke cewa ɗakin Baba za a nuna. Na ja shi gefe na yi masa karatu: kada ya taɓa komai, ya bar bokitan inda suke, Inna ta zauna a bakin gado ta yi tarinta son ranta. Ya ce to.

Ranar da suka zo, na hau sama ina gaba kamar ɗan jagora. Ina tura ƙofa ƙamshin turare ya buge ni. Silin fari fat, farar ƙasar ko bushewa ba ta gama ba. Kabad ɗin tufafi ya bar mazauninsa ya koma ya rufe baƙin bangon. Bokiti ko ɗaya babu. Inna ma babu, ya tura ta wajen matata wai kada tarinta ya dami baƙi. Ga lemo jere a kan teburin aikinsa, an lulluɓe kekunan da zane mai fure.

Na raɗa masa, "Baba, me ka yi mana haka?"

Ya ce, "Haba maƙwabci, manyan mutane za su shigo su tarar da ɗaki kamar bayan gida?"

Shugabar kwamitin wata mata ce mai tabarau, kuma wallahi da gaskiyarta ta zo. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta gaishe shi ta ce yaya gidan. Ya durƙusa ya ce lafiya lau. Ta sake gwadawa, ta ce an gaya musu ruwa na zuba sosai.

"To, ranki ya daɗe, kaɗan-kaɗan dai. Wasu ko rufin ba su da shi."

Jami'in ƙaramar hukuma da na ma'aikata da suka rako kwamitin, waɗanda ba sa ga maciji, suka kalli juna suna washe baki. Ranar ce kaɗai na ga sun yarda da abu ɗaya. Na ce a ja kabad ɗin nan a gani, na ma kama shi ina turawa, amma Baba ya cika shi da kawunan tsofaffin kekuna, ko motsi bai yi ba. Shi kuma ya riƙe mini riga yana ba su haƙuri, wai ni haka nake, wasa ya yi mini yawa. Suka yi dariya, suka sha lemo, suka wuce bene na gaba, inda wata tsohuwa ta tare su da kuka tun daga ƙofa.

Can aka fara gyara. Mu aka ce benenmu yana cikin yanayi mai dama-dama, za a waiwaye mu a wani zagayen. Maƙwabta suka daina amsa masa gaisuwa na ɗan lokaci. Ni na ci gaba da amsawa, don in samu hanyar tsokanarsa.

Ruwan farko da aka yi, farar ƙasar ta zubo musu a kan gado. Kafin mako ya zagayo 'yar ta iso da mota. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai gaishe shi ta shiga haɗa kaya. Shi ya sauko da akwatin a kansa, ya hana kowa taimaka masa. Inna ta leƙo ta tagar mota tana gaya masa inda ta ajiye maganin hawan jininsa, da cewa kada ya kwana a ɓangaren bango. Motar ta tashi tana cikin magana.

Ya daɗe tsaye a bakin titi. Na zo da wata tsokana a bakina, na haɗiye ta. Da muka juyo ya tsaya a matakala, ya tambaye ni ko na san lokacin da mutanen majalisar nan za su sake zagayowa. Na ce masa ban sani ba, kuma ba na jin su ma sun sani.