Doreen Pasko, wadda ta tsince rigunanmu daga kan ƙanƙara

Kafin 'yan wasa su fara shigowa atisaye, tururin wankin Doreen Pasko ya daɗe da tashi ta bayan filin wasan hokin ƙanƙara na garin Fort Ansel. Ɗakinta na can ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, inda ba mai leƙawa sai wanda rigarsa ta yage. Keken ɗinki ne a ciki, da injinan wanki masu ruri, da butar kofi da ba ta hucewa. A nan ta tsufa tana wanke gumi da jinin 'yan wasan ƙungiyar Ɓauna, tana ɗinka sunan sabon yaro a bayan riga, tana farke na wanda aka sayar. Yaran suna ce mata Mama. Dokarta guda ce, kan ɓaunar da ke ƙirjin rigar ba ya taɓa ƙasa. Wanda ya yar da riga a ɗakin canza kaya, ko shi ne tauraron ƙungiya, sai ya ji ta bakinta.

Bara ne manyan ƙungiya suka sayar da tsofaffin 'yan wasa, suka kwaso yara waɗanda gemu bai gama fito musu ba. Suka ce ƙungiyar za a sake ginawa daga tushe, a yi haƙuri. Suka ɗauko Koci Lorne Dubek, mutumin da aka sani da renon matasa. Da rani kowa a garin nan ya gyaɗa kai, ya ce haƙuri ai namu ne. Sanyi na kankama, aka fara shan kashi a jere, sai aka ga haƙurin namu na baka ne. Fili ya koma waƙa ɗaya: "A kore shi, a kore shi."

Wata Asabar da rana aka sake lallasa mu a gida. Wani ɗan kallo ya tuɓe rigar ƙungiya da ke jikinsa ya wurga ta kan ƙanƙara, ta faɗi daidai gaban bencin Koci. Kafin ka ce me, riguna suka yi ta zubowa. Masu gyaran ƙanƙara suka yi cirko-cirko. Sai ga Doreen ta fito da kwandon wanki, tsohuwa da takalmin roba, tana jan ƙafa a hankali don kada santsi ya kwashe ta. Tana sunkuyawa tana ɗauka, tana kaɗe kowace kafin ta sa a kwando. Akwai waɗanda suka yi mata dariya. Abin kunya ne a rubuta, amma an yi.

A cikin rigunan ta ci karo da wata tsohuwa mai faci a gwiwar hannu. Ita ta yi facin da hannunta. Rigar marigayi mahaifinsu ce, wadda ƙaninta Stan ya gada.

Ranar Litinin aka sallami Koci Dubek. Masu kira a rediyo suka yi ta barka da arziki, wani ma cewa ya yi a biya wa mutumin kuɗin mai ya yi sauri. Manyan da suka ce a yi haƙuri su ne suka fara cewa ƙungiya na bukatar sabuwar murya.

Da yammacin ranar Koci ya sauko ɗakin wanki yi mata sallama. Direban motar gyaran ƙanƙara yana wurin, shi ya ba da labari. Koci ya tarar ta wanke rigunan duka, sun bushe, sun yi tsibi a kan tebur.

"Mama, an ƙara miki aiki," in ji Koci, ya ɗauki riga ɗaya.

"Aikin banza dai. Ajiye, Koci. Kai aka jefa da su, ba kai za ka ninke su ba."

Bai ajiye ba. Ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya fara ninkewa yadda take so, kan ɓauna a sama.

"Ki mayar wa masu su," ya ce. "Yaran nan za su fara cin wasa wata rana, ke ma kin sani. A ranar mutum zai buɗe durowa ya rasa abin sawa."

"Yaushe za ku tashi?"

"Gobe da hantsi. Maiɗakina ta gama ɗaure kaya. Ta ma daina shiga kanti, kallon ya yi mata yawa."

Wannan maganar ce ta tsaya wa Doreen a rai. Ta ga masu horarwa da yawa sun zo sun tafi, kora ba baƙon abu ba ce a wannan sana'a. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne mutum ya bar garinsu kamar ɓarawo. A wasan nan, in ɗan wasa ya ji ciwo aka fita da shi, har abokan hamayya sukan buga sandunansu na hoki a ƙanƙara, su girmama shi. Ta ce a ranta ko wanda ya zo ya doke mu muna yi masa wannan, balle wanda ya yi mana aiki.

Ta ɗauki kwandon ta nufi shagon kofi na bakin kasuwa, inda mazan garin ke taruwa su gyara ƙungiya da baki. Ta tarar Stan ne ke jan hirar.

"Ni fa tun farkon kakar wasa na faɗa, mutumin nan ko ƙungiyar 'yan firamare ba zai iya da ita ba." Ya juyo ya gan ta. "A'a, Yaya, sannu da aiki. Wanki kika fara kaiwa gida-gida?"

"Na masu tuɓewa a bainar jama'a, eh."

Aka kwashe da dariya. Ta bi tebur-tebur tana miƙa wa kowa tasa, don babu rigar da ba ta san mai ita ba. Ta Stan ta bari ƙarshe. Ya juya ta a hannu, yana neman abin da zai faɗa.

"Kai, Yaya, wannan ninki kamar daga kanti."

"Ba ni na ninke ba. Wanda ka jefa da ita ne ya ninke maka."

Wani ya tsura wa kofinsa ido, wani ya shiga gyaran hula. Ba ta yi musu faɗa ba, ta dai ce gobe da hantsi motar Koci za ta bi ta gaban fili, kuma ta san babu gidan da ba shi da sandar hoki a bayan ƙofa.

Kowa ya yi niyya, har yau haka suke cewa. Amma washegari da hantsi, wani ya tsaya ɗumama mota, wani ya leƙa ta taga ya ga ko maƙwabcinsa zai fara fita, wani yana jin nauyin waɗanda suka rera "a kore shi" tare su gan shi. Doreen ta tsaya a bakin titi ita kaɗai, da tsohuwar sandar mahaifinsu ta katako. Da motar ta ɓullo, kaya ɗaure a baya, ta fara buga sandar a kan titin da ya daskare. Koci ya rage gudu, ya cire hularsa ya ɗaga mata. Matarsa ta rufe fuska da hannu. Doreen ba ta daina bugawa ba sai da motar ta sha kwana.

Can sai ga Stan da mutum goma sha wani abu, kowa da sandarsa, suna haki.

"Yaya, ya wuce?"

"Ya wuce."

Ta miƙa masa sandar, ta ce ya mayar gida, ta koma wankinta. Suka tsaya suna kallon sawun taya a kan dusar ƙanƙara.

Ke ce, Mama Doreen, kika rufa wa garin nan asiri ranar da ya tona kansa. Ba don ke ba, da mutumin nan ya tafi yana cewa babu mai kunya ko ɗaya a Fort Ansel. Ke kika sunkuya kika ɗauki abin da muka yar, ba ki taɓa goranta mana ba, kuma rashin gorin ya fi mana ciwo. Uwar riguna, mun gode, kuma muna jin kunyarki.

Sabon koci ya zo. Yaran suna ci yau, gobe a ci su, amma tun daga ranar ba a sake ganin riga a kan ƙanƙara ba. Koci Dubek kuwa ya yi nisa, abin da ya kamata a yi masa ya wuce, ba zai dawo ba.

Asabar mai zuwa Doreen za ta ajiye aiki, gwiwoyinta sun ce ya isa. An ce ƙungiya za ta ba ta furanni a tsakiyar fili, ita kuma ta ce ba za ta fito ba, tana da wanki. To, ba ta babbar ƙofa take fita ba, ta ƙofar baya take bi, inda tururin nan ke tashi. Wanda ke son koyi da ita ya fara daga nan. Ya ɗauko sandarsa daga bayan ƙofa ya tsaya a wurin, kada ya leƙa taga ya ga wa ya fita. Wannan karon, don Allah, mu riga ta isowa.