Farcen da Na Bari a Firizar Hajiya Adiza

Ranaku da yawa na manta a aikin nan, wasu ma da gangan, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka ce in zaɓi tayar da za ta taka dusar ƙanƙara ba. Ni, Ɗanlami mai faci, wanda iyakar ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda ake jefawa a zoɓo.

Ku da kuka sauka Guangzhou jiya-jiya da digiri a jaka, bari in fara da tsarin ofishinmu na unguwar Xiaobei, kada ku ce tsoho ya fara ruɗewa. A sama akwai oga, Alhaji Nasiru, mai kamfanin tura kaya. Ƙarƙashinsa akwai mai duba kaya, wato ni. Aikina in je shago ko masana'anta, in ga kaya da ido, in taɓa da hannu kafin a loda a kwantena. In na ce a'a, ba a lodawa. Ƙarƙashina akwai direba. Ƙarƙashin direba akwai mota. Boko dai aji huɗu na yi, shi ma malamin ne ya roƙi babana ya ɗauke ni, amma taya na haddace ta tun ina zaman faci a bakin titi a Kano.

Gwajina hawa uku ne. In shuri taya da ƙafa. In sansana ta. Sannan in danna mata farcen babban yatsana na dama, wanda na tara shi musamman don wannan aiki. In farce ya shiga, roba ta yi laushi, ba za ta jure kwaltar Kano zuwa Legas da tsakar rana ba. In ya ƙi shiga, a loda. Wannan farce shi ne satifiket ɗina.

To, ana tsakiyar sanyi Alhaji ya sayi injinan casa a wata ƙaramar masana'anta can arewacin ƙasar nan, a ƙauyen da kwalta ba ta kai ba. Ya ce a-kori-kurar ofis za ta je ta ɗauko samfur biyu. Ana son taya mai cin kwalta da burji da taɓo duka, kuma ta iya da ƙanƙara. Direbanmu Basine ne Musulmi, sunan gidansu Ma, mu kuwa Musa muke ce masa. Ɗan can arewa ne, kuma ya tsinci Hausa a bakinmu daidai gwargwado, har da wadda bai kamata ya tsinta ba.

Ranar Alhamis muka je shagon taya ni da shi. Na ce wa mai shagon, "Nihaw, lawban," wato sannu, oga. Ta fito mana da iri biyu. Ta farko ƙatuwa ce, haƙoranta kamar na kada, ko kallonta ka yi sai ka ji kana son ka sayi mota. Na shura, ƙafata ta yi zafi. Na danna farce, ya ƙi shiga. Na ce alhamdulillahi.

Ta biyu haƙoranta matsakaita, kuma kowane haƙori an tsattsaga shi da ƙananan layuka, kamar an ba wanzami ya koyi aiki a kai. Na danna farce, ya nutse. Na dubi lawban na ce, "Wannan taya ce ko alawa?"

Musa ya durƙusa ya nuna mini wani ɗan zane a gefenta: dutse mai kai uku, da wani abu kamar fure a cikinsa. Ya ce, "Baba, wannan an gwada cikin ƙanƙara. Waccan, meyo." Meyo da Sinanci shi ne babu.

Na ce, "Musa, yaushe muka fara sayen taya saboda fure? Lefe za mu haɗa?"

Ya ce, "Sanyi ya zo, waccan ta zama katako. Mota ta yi rawa."

Na ce, "Ina cire taya da hannu tun kafin a yi maka askin suna."

Muka koma ofis. Na ba da rahotona a tsaye, yadda aka saba. Musa ya ce shi dai ba zai hau waccan hanya da mai haƙoran kada ba, yana da 'ya'ya biyu. Alhaji mutum ne mai haƙuri, amma ba ya son a musa wa mai duba kaya a gabansa, don in an fara, gobe shi za a musa wa. Ya ce, "Abin da Baba ya zaɓa shi za a ɗaura. In Musa ba zai je ba, ya ajiye mukulli ranar Asabar. Direbobi ba su ƙare a garin nan ba."

Musa ya zaro mukullin ya duba, ya mayar aljihu. Ni kuwa, maimakon in ji daɗin nasara, sai na ji ina son ƙari. Ina son ya faɗi da bakinsa cewa farce ya fi fure. Masu shagon taya suna ajiye yankakken samfur, guntun taya kamar tafin hannu, don mai saye ya ga cikinta. Na koma na karɓo na kowacce. Na ce, "Musa, sanyi kake tsoro ko? Za mu kai su inda sanyi yake."

Kun san Hajiya Adiza, mutuniyar Kumasi mai tuwo a bene na uku. Ita ke da firizar da ke mayar da cinyar rago guduma. Ta ga na buɗe leda ta ce, "Baba Ɗanlami, yau kuma me ka kawo ni in dafa?"

Na ce, "Bincike ne, Hajiya. Ilimi."

Ta ce, "Ka naɗe ilimin naka da kyau, kada ya taɓa mini nama."

Suka kwana a ciki. Washegari, bayan mun sauko daga Juma'a a Masallacin Huaisheng, muka wuce wurinta ni da Musa. Na naɗe hannun riga. Na ɗauko mai fure tukuna, don in gama da ita. Na danna farce, ya shiga kamar jiya. Na lanƙwasa ta, ƙananan tsagin nan suka buɗe baki ɗaya bayan ɗaya. Musa ya ce su ne ke cizon ƙanƙara. Na ce to, mun ji.

Na ɗauko tawa. Ta yi tauri da santsi kamar murfin tukunya. Na goga ta a kan faranti mai laima, ta zame ta bi ta gefe abinta. Hajiya ta fara murmushi. Ni kuwa, da yake masana ba sa karaya da wuri, na tattara ƙarfina na danna farce. Sai ji muka yi ƙas! Satifiket ɗin da na yi shekaru ina kiwo ya tashi sama, ya faɗa cikin firiza tsakanin kaji.

Hajiya ta riƙe ciki. Ta ce, "Yanzu wa zan sayar wa kazar da ta ci ilimi?"

Musa bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya miƙo mini tishu ya ce, "Baba, ni ban gani ba."

Nan fa aikin yake. Mu uku ne kawai a wurin. Hajiya za ta yi shiru in na roƙe ta, ko ta yi ƙoƙari. Musa ya riga ya ba ni hanyar gudu. Zan iya sa hannu a aljihu in koma ofis da girmana cikakke, shi kuma gobe ya ajiye mukulli, wani direban da bai iya musu ba ya hau katako ya nufi tsaunuka.

Na hau ofis yatsa a naɗe. Na ce, "Alhaji, na zurfafa bincike. A ɗaura mai dutse da fure, ƙafa huɗu iri ɗaya, har da safaya. A duba lambar nauyin da take ɗauka, a duba shekarar da aka yi ta, kada a ba mu tsohuwar ajiya. A ƙara masa sarƙar taya ya riƙe a mota."

Alhaji ya dubi yatsan, ya dube ni. Ya ce, "Wato Musa ne da gaskiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, firiza ce da gaskiya. Musa dai ya yi sa'a ra'ayinsu ya zo ɗaya."

Musa ya tafi, ya dawo lafiya da injinan. Da ya shigo ofis sai ya ajiye mini filas ɗin shayi a tebur ya ce tsaraba. Na buɗe. Rabi ruwa ne, rabi wani farin abu mai laushi da ya ɗebo a ƙofar masana'antar. Na sa guntun farcena a ciki, don ɗabi'a ba ta barin mutum. Ya nutse. Na ce, "Musa, wannan ƙanƙarar taku ba ta da inganci." Ranar ce ya yi dariyar da ya ajiye.

Abin da na koya, ku rubuta, ku masu biro: kafin ka tambayi taya ƙarfinta, tambayi hanyar da za ta bi, sannan ka tambayi wanda zai zauna a kanta. Mai duba kaya yana komawa gida a jirgin ƙarƙashin ƙasa ko ya yi daidai ko ya yi kuskure. Direba kuwa a kan kuskuren yake tafiya. Farcen ya sake tsirowa, kuna ganinsa, har yanzu ina danna shi a kan kayan Kano. Amma in hanya ta nufi inda ban taɓa zuwa ba, sai in kira direba in ce ina so in gwada iliminsa. Har yau ba wanda ya gane tambaya nake yi.