Mansoura Sallaou da Jadawalin Masu Haifar Kansu

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Mansoura Sallaou a garin Matamai ta ƙasar Nijar a shekarar 1971, mahaifinta Malam Sallaou manomin rake ne, mahaifiyarta kuwa ana kiranta Ouma. Ta yi lakkol, wato firamare, a garinsu, ta yi lise, wato sakandare, a Damagaram, sannan ta karanci ilimin halittu a Yamai har shekarar 1996.

Aure da Hijira

A shekarar 1999 ta auri Djamilou Hama, magini, suka ƙaura zuwa Sabha ta ƙasar Libiya suka zauna a unguwar Abdulkafi. Da yake ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, aikin wanke kwalabe kawai ta samu a wani ɗakin bincike, ƙarƙashin Dakta Zuhair, masanin kwamfuta.

Bincike

Dakta Zuhair yana nazarin manhajoji masu kwafar kansu, ya kuma raba duk abin da ke hayayyafa gida biyu: halittar Ubangiji da ƙirar ɗan Adam. Mansoura ta nuna masa cewa dabinon Zighan, wani ƙauye kusa da Sabha, ba ya 'ya'yan kirki sai manomi ya hau ya yi masa barbara, kamar yadda manhaja ba ta yaɗuwa sai da na'ura da lantarki. Ta ba da shawarar a jera duk masu hayayyafa, halitta da ƙira, bisa gwargwadon taimakon da kowanne ke buƙata. Daga 2008 ta tsara jadawali mai matakai biyar.

A shekarar 2015 Dakta Zuhair ya nemi buga aikin da sunansa kaɗai, domin hukumar wurin ba ta yarda da sunan marar takarda ba. Mansoura ta ce masa, "Dakta, aikin ba zai ruɓe ba. Mu jira." Ya amince, suka jira shekara takwas kafin suka tura aikin don a buga.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar 3 ga Maris, 2024, bayan jinyar ciwon ƙoda, aka yi jana'izarta a Sabha bayan sallar La'asar. Kwana goma sha ɗaya da binne ta, wata mujallar kimiyya ta karɓi aikin da sunanta a gaba, sai dai editoci sun nemi a cika gurbin ma'aikatar da take wakilta. Mijinta ya ce a rubuta musu lambar gidansu.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Chamsou, Bassira, Ɗijatu da Aïcha. Allah Ya jiƙanta da rahama.