Tafiyar da Ta Dawo wa Rifkatu da Mai a Miya

Bomo, ƙarfe 5:40 na asuba

Mun bar gida ni da 'yata Rifkatu, mai shekara tara, gari bai waye ba. Tana da ciwon gado da likitoci ke kira sistik faiburosis, mai sa majina ta yi kauri a huhu, hanji kuma ya kasa tsotse maiƙon abinci. Wata shida ke nan tana shan bitamin D saboda ƙasusuwanta ba ƙwari, amma har yau ba ta kaiwa makaranta sai ta zauna sau biyu a hanya. Ɗan acaɓa ya ga sammakonmu ya tambaya ko Kano za mu. Na ce Samaru.

Samaru, ƙarfe 6:05

Mu ne na huɗu a layin asibiti. Likita ta iso takwas da rabi, ta duba sakamakon jinin da aka ɗiba makon jiya, ta ce bitamin ɗin yana nan inda ta bar shi. Ta tambayi yadda ake ba yarinyar maganin. Na gyara zama na yi bayani da alfahari: mahaifiyata ke ba ta da sassafe, ciki ba komai, da ruwan ɗumi, yadda ake shan sassaƙe. Na ƙara da cewa Inna ta hana ta maiƙo kwata-kwata, don a gidanmu marar lafiya ba ya cin mai.

Likita ta ajiye biro.

"Malam, wannan maganin sai da mai yake shiga jiki. A ba ta tare da abinci mai maiƙo da ƙwayoyinta na narkar da abinci. In ba haka ba, masai kuke yi wa magani."

Ta ce ta faɗa mini haka tun ranar farko. Gaskiyarta ce, ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu. Kunya ta rufe ni.

Sabon Gari, ƙarfe 11:15

Bas ta ɗauke mu, aka tsayar da mu minti goma a Kwangila ana duba takardun direba. Sai a kemis na uku muka samu ƙarfin maganin da likita ta rubuta. Na saya wa Rifkatu soyayyen kifi a bakin kasuwa. Ta riƙe shi, ta waiga hagu da dama.

"Baba, Kaka ta sani?"

"Za ta sani. Haɗiye ƙwayoyinki, ki ci."

Bomo, ƙarfe 2:30

Na tarar da Inna tana ɓarzar masara, na durƙusa na gaya mata komai. Ta ɗago ta dube ni.

"Wato wata shidan nan ni ce nake hana ta tafiya?"

Na ce laifina ne, ni aka gaya wa. Da yamma ta narka man shanu ta malala a tuwon Rifkatu, ta tsare ta har ta siɗe kwano. Za mu koma gwajin jini bayan wata uku.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Inna dai ba ta ci tuwo ba ranar.