Ƙanƙara a Gwiwar Zakara

Autata ce ta shigo da mutumin nan gidanmu, ko da yake bai taɓa taka ƙofarmu ba. Muna zaune a wani flat, ɗan sashen gida, a unguwar Withington ta birnin Manchester a Ingila lokacin. Kullum in na dawo daga kantin maganin da nake aiki a Salford, ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai in tarar ta jingina waya da butar shayi tana kallon wani ɗan Japan, ɗan firit da shi, yana irin damben nan da ake haɗa naushi da shuri.

Ita ta karantar da ni tarihinsa, ina so ko ba na so. Tun yana ɗan mitsitsi aka kai shi karate. Ya ɗauki kambu a ajin marasa nauyi, ya ƙara jiki ya hau aji na gaba, nan ma ya ɗauka. Shekara da shekaru ba wanda ya kai shi ƙasa. Wai har hannunsa ya taɓa karyewa ana cikin wasa, ya ƙarasa da ɗayan da ƙafa, kuma ya ci.

"Baba, ba ka gane ba ne," in ji ta, da Hausarta mai gargada.

Na gane mana. Na tashi ina kallon 'yan dambe a filin bayan kasuwar garinmu, na kuma ga yadda tsufa ke zo musu.

Ba a jima ba ita ma ta fara koyon damben. Kociyar da autar ta nace lallai sai ita ce za ta koya mata tana Aston, can Birmingham. Mamanta ta ce ba ta iya kallon ana dukan 'yarta, don haka tuƙin ya faɗo kaina. Duk Asabar muna kan babbar hanya, motorway, ga ruwa, ga cunkoso, tana barci a gefe, ni ina fama da hamma. In mun je, in zauna a benci cikin warin gumi da roba har a tashi.

Wata Asabar zakaran nan ɗan Japan da kansa ya zo koyar da yara, bayan ya yi ritaya. Da ya shigo sai na ga ko kafaɗata bai kai ba. Ya nuna musu shuri ɗaya a jikin buhun atisaye, ƙarar ta cika ɗakin. Ya gyara wa autata tsayuwa, ya taɓa ƙugunta ya ce wani abu, tafintan da ya zo da shi ya ce, "Daga nan ƙarfin yake fitowa." Yarinyar nan har hawaye ta yi.

Da aka ba da hutu, sai ga shi ya nufo bencina yana ɗingishi kaɗan. Ya zauna da ƙyar, ya ɗora ledar ƙanƙara a gwiwa, ya sauke dogon numfashi. Na ga yatsunsa duk sun karkace, ƙaurinsa tabo a kan tabo. Ba mu da yaren juna. Ya nuna autata, ya nuna ni, na gyaɗa kai. Sai ya yi alamar riƙe sitiyari, ya langaɓe kai kamar mai gyangyaɗi. Na yi dariya. Tafintan ya matso ya ce mini, "Ya ce haka babansa ya yi ta yi, har bayan tsohon ya lalace."

Aka kira shi. Ya ajiye ƙanƙarar, ya saita fuska, ya miƙe kamar ba abin da ke damunsa.

A hanyar komawa ba ta yi barci ba, sai labarinsa take yi har muka shigo Manchester. Ban gaya mata abin da na gani ba. A ganina ba hurumina ba ne.

Yanzu tana jami'a a Birmingham, da ƙafa take zuwa wurin kociyarta. Ta ci wasa, an kuma doke ta, sau ɗaya ta zo hutu da ido a kumbure, mamanta ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ranar wasa nakan bar waya a aljihu har sai ta kira da kanta.